Wa ya koya wa yaranmu raina laka?

Duk wanda ya ratsa unguwar Birni a Damagaram ya san bango ma yana magana: dagi a saman ƙofar zaure, zankwaye a kan soro, zane iri-iri da hannun magini ya fitar tun laka na ɗanya. Tun 2006 Nijar ta sa Birni cikin wuraren da take nema wa rajistar UNESCO, amma bulo da kwano sai cin tsofaffin gidajen suke. A Kano kuwa, a 2010 aka ture Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi, aka sake ɗaga ta da siminti. Wai an gyara.

Ban ce kada a yi titi ba. Mai naƙuda tana bukatar mota ta iso ƙofar gida. Amma masu cewa zanen bango kayan kakanni ne, ba ya tafiya da zamani, ba su san magina ba. Da keke da mota suka shigo Zariya, magina ba su ja da baya ba, sai suka ɗora su a fuskar gida kusa da takobi. Da siminti ya zo, shi ma suka yi masa zane kafin ya bushe.

Mu malamai fa? A darasin zane, me muke sa yaro ya kwafa? Gida mai jan rufi da bututun hayaƙi, irin wanda ko a Yamai bai cika gani ba. Shekara shida yana zana gidan Faransa, ya girma ya samu kuɗi, sannan mu yi mamaki don ya rushe zauren ubansa.

Bara, nan Korgom, na fita da ƴan ajina suka zana wani tsohon zaure da za a rushe. Washegari wani uba ya tare ni: "Mushe, na kawo shi lakwal ne don ya fita daga laka, kai kuma ka mayar min da shi?" Alhaji, ɗanka ya auna tsawo da faɗi, ya gane yadda ake raba dagi gida huɗu daidai. Wannan lissafi ne, kuma yana cikin jarrabawa.

An rushe zauren kafin damina. Zanen yaran na nan manne a bangon aji, ƙofa a buɗe take ga duk uban da ke son gani.