Kafin A Kai Majinyaci Gida, A Karɓi Takarda

'Yan'uwa mazauna Ikko da kewaye, akwai wata al'ada tamu mai kyau da take jawo mana asara. Da zarar ciwo ya kwantar da ɗayanmu, ko shanyewar ɓarin jiki ne, ko ciwon ƙoda, ko ciwon suga da ya taɓa ido, sai a yi karo-karo a sa shi a mota zuwa Arewa don ya yi jinya a gaban dangi. Wannan zumunci ne, Allah ya saka da alheri. Amma sau da yawa mutumin direba ne ko maigadi ko ma'aikacin masana'anta a Apapa ko Ikeja, wanda ya shekara goma ko ashirin ana cirar kuɗin fansho a albashinsa. Idan ya tafi babu sallama, kamfani zai rubuta cewa ya gudu daga aiki, kuma wannan rubutun ne zai bi shi.

Ga abin da doka ta tanada. A ƙarƙashin Dokar Gyaran Fansho ta 2014, ma'aikaci yana zuba kashi 8 cikin 100 na albashinsa, mai aikin kuma yana zuba kashi 10, a wani asusu mai ɗauke da sunan ma'aikacin. Kuɗin nasa ne, ko da ya bar kamfanin. Ƙa'ida ita ce ba a taɓa su sai mutum ya kai shekara 50. Wanda ya rasa aiki kafin nan, sai ya yi wata huɗu bai sami wani ba sannan a ba shi abin da bai wuce kashi 25 cikin 100 ba, sauran ya jira.

To amma dokar ta ware wanda ƙwararren likita ko kwamitin likitoci ya tabbatar a rubuce cewa ba zai iya ci gaba da aikinsa ba. Shi ana ɗaukarsa a matsayin wanda ya yi ritaya, ko shekarunsa nawa, ya karɓi wani kaso a dunƙule, sauran a riƙa biyansa wata-wata. Bambancin mutanen nan biyu takarda ce kawai: rahoton likita, da wasiƙar kamfani mai cewa an sallame shi ne saboda rashin lafiya.

Haka kuma, idan aikin ne ya jawo ciwon, kamar ƙurar masana'anta da ta lalata huhu ko haɗari a bakin aiki, Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta ba shi damar neman diyya daga hukumar NSITF. Sai dai akwai wa'adi: a sanar da mai aikin cikin kwana 14, a kuma shigar da buƙata cikin shekara ɗaya. Wanda ya yi shekara biyu a ƙauye ana yi masa jiƙe-jiƙe yana iya dawowa ya tarar an rufe ƙofa.

Saboda haka muna kira ga kowane magidanci da ya sanar da matarsa ko babban ɗansa sunan kamfanin fanshonsa da lambar asusunsa. A duba tun yanzu ko suna da ranar haihuwa da ke wurin kamfanin fansho sun dace da na katin ɗan ƙasa, domin saɓanin harafi ɗaya yana iya tsayar da biya. Kada majinyaci ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a takardar ajiye aiki sai wani mai karatu ya karanta masa. Idan kamfani ya ƙi ba da wasiƙa, ko ya ciri kuɗi bai zuba ba, a kai kuka Hukumar Fansho ta Ƙasa, PenCom, ko Kotun Ma'aikata.

Ga sarakunanmu da limamanmu kuwa, a duk lokacin da aka zo neman taimakon kuɗin mota don majinyaci, a fara tambaya: ina takardunsa? Ciwo daga Allah ne, mun yarda. Neman haƙƙin da mutum ya yi wa gumi kuwa ba rashin tawakkali ba ne. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.