Zuwa Ga Masu Fentin Mota: A Yi Hattara da Wili Mai Ruwan Kurom



Ina so in ja hankalinmu kan wani aiki da ake kawo mana daga gidajen Nasarawa GRA a nan Kano, irin su Sultan Road da Lamido Crescent: Alhaji ya sayi mota 'yar Kwatano, an shafe wilinta da baƙin fenti, yana so ƙyallin asali ya dawo.

Tun farko a san abin da ke ƙarƙashin fentin. Kurom na gaske ana ɗora shi ne a kan nikel, kuma kaurinsa bai kai kashi 1 cikin 1,000 na milimita ba. Idan samfefa ko buroshin waya suka taɓa shi, ya tafi ke nan, goge-goge ba ya dawo da shi. Wani wilin kuwa alminiyam ne da aka goge aka rufe da banish, tina na iya dusar da shi. Saboda haka a fara gwadawa a bayan wili, inda ido ba ya kai wa.

A cire taya, domin maganin cire fenti yana cin roba. A wanke ƙura tas, yashin da ke cikinta yana karce ƙarfe. A yi aikin a inuwa, inda iska ke ratsawa, a shafa magani, a rufe da leda don kada zafin Kano ya busar da shi. Idan fenti ya kumbura, a kankare da roba ko katako, a bi saura da tina a tsumma mai laushi idan gwajin bai nuna illa ba, sannan ruwa da sabulu. Ruwan batir da asid ɗin wanke tayil kada su kusanci wurin; soda kuma tana cin alminiyam.

Ku kula da lafiyarku: safar hannu da tabarau dole ne. A 2019 Amurka ta hana sayar wa jama'a maganin cire fenti mai sinadarin methylene chloride saboda ya yi kisa.

Sai batun amana. Motocin Amurka da Kanada sun sha gishirin da ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara, sau da yawa tsatsa aka ɓoye da fentin. Ku faɗa wa mai mota haka tun kafin a yi ciniki, kada gobe a ce ku kuka ɓata, a tura ku kasuwar Ƙofar Ruwa sayen wani.

Allah Ya sa albarka a sana'a.

Naku,
Ɗan'uwanku mai fenti, Kano