Katanga ta tashi, mu kuwa muna kwance

Jama'ar Imanan da Kurfai, masu saurarenmu na Bonkuku, Filinge, Damana da Balayara, da ƴan uwa da ke neman na kansu a Yamai, Kwatano da Legas: Yau maganar ta cikin gida ce. Mu Kirista ƴan ƙasar nan muke so mu yi wa kanmu faɗa, kuma a fili za mu yi shi, tunda rijiya ɗaya muke sha da ku, kasuwa ɗaya muke ci. Ƴan uwa Musulmi, ku yi haƙuri ku zauna tare da mu, wataƙila ku ma ku tsinci abin ɗauka.

Wata Lahadi cikin daminar da ta wuce mun taru inda muka saba taruwa. Ba za mu faɗi wurin ba, kun san halin da ake ciki. Ba mu kai ashirin ba, har da yara. Pasto da ke zo mana daga nesa bai samu hanya ba ranar. Aka yi waƙa biyu, aka jira, aka ƙara ɗaya, aka sake jira. Can sai wani dattijo ya ce: "To, tunda malam bai zo ba, mu yi addu'a mu watse." A cikinmu akwai mushe na lakwal, akwai ma'aikacin likita, akwai mu da muke surutu a rediyo safe da yamma. Ba wanda ya buɗe Littafi Mai Tsarki ya karanta wa jama'a ko aya guda. Da muka fito, wata tsohuwa ta tare mu a bakin ƙofa ta ce: "Ɗiyana, ke nan in pasto bai samu mota ba, Allah ma ya tahi hutu?" Mun yi dariya a lokacin. Amma maganar nan ta hana mu barci, ita ce kuma ta sa muka ɗauki alƙalami.

In ana zancen sanyin bangaskiya a majami'u, hankalin mutane yakan tafi Turai, inda ake ganin manyan gine-gine da kujeru babu kowa, domin ƙoshi ya sa mutane sun manta. Namu sanyin daban ne. Ƙoshi bai dame mu ba, yawa ma ba mu da shi: a ƙidayar jama'a ta 2012 Kirista ba su kai ko ɗaya cikin ɗari na mutanen Nijar ba. Ciwonmu shi ne jira. Muna jiran pasto ya zo ya karanta mana, muna jiran mishan ta aiko kuɗin kwanon rufi, muna jiran Yamai ta ce a yi kafin mu motsa. Mun saba da jiran har mun ba shi suna mai daɗi, muna ce masa haƙuri.

Wannan hali yana da tushe, kuma ya kamata mu san shi. Ƴan mishan na SIM sun zauna a Damagaram a 1924, bayan ƴan shekaru suka kafa a Tsibiri kusa da Maradi, a 1950 kuma aka buɗe asibitin Galmi. Katolika sun kafa mishan ɗinsu a Yamai a 1931. Mutanen nan sun yi aiki, ba mai musu: sun yi maganin kuturta, sun koyar da karatu, wasunsu a ƙasar nan aka binne su. Sai dai kusan komi a hannunsu yake, mota tasu, magani nasu, makullin ma'aji nasu. Kakanninmu suka taso suna ganin ikilisiya kamar gidan baƙo ne da ake shiga a gaisa. Ikilisiyar EERN ta tsaya da sunanta tun farkon shekarun 1960, lokacin da ƙasa ta samu ƴanci. A ɓangaren Katolika kuwa sai a 2013 aka naɗa ɗan Nijar na farko bishop, wato Laurent Lompo, shekara 82 bayan kafa mishan ɗin Yamai. Shugabanci ya dawo hannun ƴan ƙasa, amma halin nan na ɗan amshi bai fita daga jikin yawancinmu ba.

Sai ga abin da ba za mu manta ba. Ranar Juma'a 16 ga Janairu 2015 a Damagaram, washegari Asabar a Yamai, fushin zanen ɓatanci na jaridar Charlie Hebdo ya faɗa kan majami'u. Mutum 10 suka rasa rayukansu, ƴan sanda kuma suka ƙirga majami'u 45 da aka sa wa wuta a Yamai. A makonnin da suka biyo, an ga abin da ba a saba gani ba. Mutane sun yi sujada a ƙarƙashin rumfa, cikin toka. Waɗanda suka shekara ba su taka majami'a ba sun dawo. Shugabanni sun fito sun yi maganar gafara. An kuma ji labarin maƙwabta Musulmi da suka ɓoye iyalan Kirista cikin ɗakunansu. Daga baya taimako ya zo daga waje, aka sake gini, wasu wuraren ma sun fi na da kyau, da dogayen katangu da ƙofofin ƙarfe. Tambayar da muke yi yau ita ce: wutar nan ta zuciya da aka gani cikin toka, ina ta shiga? A ganinmu, da siminti ya bushe, da yawa cikinmu mun koma gadonmu na da.

Mun san abin da wasu za su ce, kuma maganarsu tana da nauyi. Za su ce: wanga ba barci ba ne, taka tsantsan ne. A jahar Tilaberi muke. A watan Satumba 2018 aka sace fada Pier Luigi Maccalli a Bomowanga, wajen Makalondi, sai Oktoba 2020 aka sake shi a Mali. A watan Mayu 2019 aka kai hari mishan ɗin Dolbel aka raunata fadan wurin. A farkon 2020 aka hana hawan moto a jahar, masu wa'azi da ke zagaya ƙauyuka suka rasa ƙafa. Ɗaruruwan makarantu an rufe su. Maƙwabtanmu Musulmi na Banibangu da Abala sun binne mutanensu ba adadi. Wanda duk ya ce babu abin tsoro, ba a nan yake kwana ba.

Amma mu duba da kyau. Ranar Lahadin nan da muka ba ku labari, ba ɗan bindiga ne ya riƙe hannunmu ya hana mu buɗe Littafi ba. Ƙofa a rufe take, mu kaɗai ne a ciki. Tsoro yana iya hana mu kafa lasifika a bakin hanya, wannan hankali ne. Ba ya hana uba ya zaunar da ƴaƴansa bayan tuwon dare ya karanta musu. Mun ɗora wa rashin tsaro kayan da ba nasa ba, domin ya fi sauƙin faɗi a kan mu ce kasala ce.

Akwai labarin da ya kamata kowane Kirista na Nijar ya sani, tunda mishan ɗin da ta zo Tsibiri ita ce ta je can. A kudancin Habasha, ƙasar Walaita, sojojin Italiya sun kori ƴan mishan na SIM a 1937. Waɗanda aka yi wa baftisma a lokacin ba su kai ɗari ba, Littafin ma ɗan yanki kaɗan gare su cikin harshensu. An kama shugabanninsu, an yi musu bulala. Da ƴan mishan suka dawo bayan an kori Italiya, sun tarar da masu bi dubbai, da majami'u da manoma suka gina da hannunsu, suna jagorancin kansu. Ba muna cewa ƙasarmu Habasha ce ba, kuma ba yawa muke nema mu yi gasa da kowa ba. Abin lura shi ne, ranar da baƙo ya tafi, mutanen ba su ce a yi addu'a a watse ba.

Mu ma ranar nan ta zo mana. Tun juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 hulɗa da ƙasashen Yamma ta canza, iyakar Benin ta rufe, tafiyar Turawa zuwa ƙauyuka ta zama sai da rakiyar soja. Wanda ke jiran motar mishan ta ɓullo daga hanyar Balayara, zai daɗe yana kallon ƙura.

To me za mu yi? Farko dai harshe. Littafi Mai Tsarki cikakke yana nan da Hausa tun 1932, akwai shi kuma da Zabarmanci. Duk da haka mu da muka yi lakwal, da zarar an ba mu magana a majami'a sai mu juye Faransanci, kamar Allah a kolej ya yi karatu. Tsofaffi da matan da ba su je lakwal ba suna zaune suna gyaɗa kai, suna jiran tafinta ya jefo musu rabin zance. Mu a gidan rediyo muna ganin yadda ake yi cikin azumi: malami ya zauna ya yi tafsiri da Hausa ko da Zabarmanci, mai tallan fura da mai gyaran taya duk suna fahimta, har su yi ta muhawara a kai. Wannan darasi ne, mu ɗauka ba tare da jin kunya ba. Tun Maris 2025 hukuma ma ta ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki. Kada majami'a ta zama wuri na ƙarshe da mutum zai ji shi baƙo ne cikin garinsu.

Sannan jagoranci. Ko wace ƙaramar ikilisiya tana bukatar aƙalla mutum biyu ko uku, maza da mata, da za su iya karanta nassi, su bayyana shi da sauƙi, su yi addu'a a kan mara lafiya, su tsaya a kan jana'iza. Wannan ba ya bukatar digiri. Yana bukatar pasto ya yarda ya koyar, ya kuma daina jin cewa in wani ya iya, kujerarsa ta girgiza. Zumuntar mata, mu faɗi gaskiya, su ne suka fi kowa riƙon alkawari a majami'unmu. Su ke shara, su ke dafa abincin Nowel, su ke zuwa gaida mai jego. A ba su Littafi a hannu, kada a tsaya ga tsintsiya da tukunya.

Sai aljihu. Manomin dankalin turawa a fadamar Bonkuku ya san ba a girbe abin da ba a zuba wa ruwa ba. Mu kuwa muna iya sayen kiredi na jika guda a kwana biyu don kallon bidiyon masu wa'azin Legas, ranar Lahadi mu lalubo dala ashirin mu jefa a baiko, mu kuma yi gunaguni cewa pasto yana noma maimakon ziyara. A yanzu haka akwai iyalai da suka gudo daga ƙauyukan Makalondi da Torodi suna zaune a gefen Yamai, akwai kuma waɗanda suka baro arewacin Filinge da abin da kansu ya iya ɗauka. In kowace ikilisiya ta ware ko tiya ɗaya ta hatsi daga kowane gida lokacin kaka, ta kai wa ƴan gudun hijira ba tare da tambayar addininsu ba, wannan wa'azi ne da ba ya bukatar lasifika.

Akwai kuma tsohon miki. Wajen ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon 1990 ikilisiyar da ta fito daga aikin SIM ta rabu. Mu da muke yara a lokacin, ko ba a ma haife mu ba, mun gaji rabuwar ba mu gaji dalilinta ba. Har yau za ka ga gari mai Kirista talatin da wuraren sujada uku, kowa yana kallon ɗan uwansa a kaikaice. Tsintsiya ɗaya ba ta shara, balle a karya ta uku. Ba mu ce a haɗe sunaye gobe ba. Amma a ci abinci tare, a yi jana'iza tare, dattawa su nemi gafarar juna tun suna da rai.

Abu guda muke roƙo kada a yi: kada a ji wannan magana a ruga a shirya "babban taron falkaswa" na kwana uku, a ɗauko janareto da mai wa'azi daga nesa, a yi ta ihu har maƙwabta su kasa barci, ranar Litinin kowa ya koma yadda yake. Mun ga irinsa sau da yawa. Falkaswar da muke nufi ana gane ta a wurin mai kanti da aka biya shi tsohon bashinsa, da matar da mijinta ya daina duka, da maƙwabci Musulmi da ya ga Kirista ya riga kowa zuwa haƙar kabarin mahaifinsa, ko gayyar yashe rijiya.

Laifin nan har da mu masu wannan rubutu, domin muna cikin waɗanda suka yi shiru ranar. Shi ya sa Lahadin da ta biyo muka je da Littafin Hausa a hannu. Karatun bai yi daɗi ba, murya tana rawa, mu da muke taƙama da makirfo. Tsohuwar nan ta gyara mana kalma biyu, ashe ta haddace wurin tun tana budurwa. Yanzu an raba makonni, kowa da ranarsa, pasto ya zo ko bai zo ba.

Allah ya ba ƙasarmu lafiya, ya mai da waɗanda suka gudu gidajensu, ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Ku gaida mana mutanen gida.