Hatsin Da Aka Daka Ba Ya Tsiro

 Yau faɗa na zo da shi, kuma a kan sanƙo ne. Kada ku yi dariya tukuna. Ni ma in na tuɓe hula za ku ga gaban kaina ya fara zama fili, ga shi ban kai shekara 40 ba. Saboda haka ba ba'a nake yi wa kowa ba.

Ga abin da ya tayar da maganar. Bayan an haƙe dankalin Turawa a garakenmu na Bonkuku, wani ɗalibina ya tsaya har kowa ya watse daga aji. Magidanci ne, ya girme ni, ba zan faɗi sunansa ba. Ya zaro wani ɗan kwali daga aljihu, ya ce, "Mushe, duba mini wannan. Baƙaƙen na gane su, amma maganar ba ta fita." Ba laifinsa ba ne, da Ingilishi aka rubuta. A cikin kwalin akwai ƴan ledoji na wani gari da ake damawa a sha, da ƙaramar kwalba ta mai da ake shafawa. Wani saurayi da ya komo daga kurmi ne ya sayar masa, bayan ya nuna masa hotuna a salula. Ya ce masa sabon magani ne, sunansa sitem sel, cikin kwana 30 gashi zai fito kamar ciyawar damana. Wai har ciwon suga da hawan jini yana warkarwa, yana kuma ƙara ƙarfin maza.

Na ce, "Yaya, nawa ka biya?" Ya sunkuyar da kai, ya ce jika 35.

Jika 35! Ku da kuka san tashin asuba don ban ruwa, kuka san kuɗin iri da na taki da na man inji, ku auna wannan. Gumin noman rani ne aka ɗauka aka ba yaro don ƴan ledojin gari.

Bari in fara da gaskiyar da ke cikin maganar, don mai ƙarya mai wayo ba ya zuwa da tsurar ƙarya, sai ya gauraya ta da gaskiya kamar mai nono da ruwa. Sitem sel abu ne da yake akwai. Jikin mutum da ƴan ƙwayoyi ƙanana aka gina shi, kamar yadda ake gina ɗaki da tubali. Ido ba ya ganin su sai da madubin likita. A cikinsu akwai waɗansu da aikinsu shi ne su haifi sababbi in tsofaffi sun mutu. Su ne Turawa suke kira sitem sel. Mu sai mu ce musu ƙwayoyin iri. Akwai su cikin ɓargo, su ne suke yin sabon jini kullum. Akwai su kuma a gindin kowane gashi, ƙarƙashin fata.

Likitoci suna aiki da su, kuma sun ceci rayuka. A shekarun 1950 wani likitan Amurka mai suna Donnall Thomas ya ɗebi ɓargon wani tagwai ya sa wa ɗan'uwansa mai cutar dajin jini. A 2011 an yi wa wani yaro mai sikila irin wannan aiki a asibitin koyarwa na birnin Benin, na Nijeriya nake nufi, ba ƙasar Benin maƙwabciyarmu ba. Amma ku dubi yadda ake yi. Sai an nemo mai bayarwa wanda jininsa ya dace. Sai an ɗebi ƙwayoyin da ransu, an sa su ta jijiya. Sai maras lafiya ya yi makonni a ɗaki rufe, likitoci suna tsaron sa dare da rana. Duk da haka wani yana warkewa, wani ba ya tashi.

To, yanzu in tambaye ku, manoma. Wane ne a cikinku ya taɓa ɗaukar hatsin da mata suka daka, suka surfe, suka niƙa, ya je gona ya shuka, ya zauna yana jiran tsiro? Wane ne ya taɓa dafa dankali ya binne a garka? Babu. Ko yaro ya san iri sai da rai. Irin dankalin nan da kuke saye da tsada, in ya sha zafi ya ruɓe a buhu, kun san an yi hasara. Ƙwayoyin iri na jikin mutum sun fi shi rashin jimiri nesa ba kusa ba. A asibiti cikin sanyin da ya fi ƙanƙara ake ajiye su. Ta yaya za su rayu cikin leda, su hau mota daga bakin teku, su sha ranar kasuwar Baleyara, su kwana cikin jakar saurayi wata da watanni? Ko da suna da rai, in ka dama ka sha, ciki zai narkar da su yadda yake narkar da fura.

Akwai abin da ya fi wannan ban haushi. Da na karanta kwalin, sai na ga ƙwayoyin da suke faɗi ba na mutum ba ne. Na ɗan itace ne, wata irin tuffa ta ƙasar Suwis, an busar an mai da ita gari. Jama'a, ko kun taɓa shuka wake kuka girbe dawa? Ƙwayar tuffa tuffa take haifa. Ba ta san hanyar gashin ɗan Adam ba.

Shi sanƙo mene ne? Mafi yawansa gado ne, ta wajen uba ko ta wajen uwa. Akwai wani sinadari na maza cikin jini da yake sa gindin gashi ya dinga ƙanƙancewa. Gashi ya fito siriri, ya ƙara sirancewa, har ya zama ba a ganin sa. Ba ɗaukar kaya ba ne ya kawo shi, ba hula ba ce, ba rawani ba ne, ba kuma jifa aka yi maka ba. A 2011 wani likita mai suna George Cotsarelis da abokan aikinsa a jami'ar Pensilbeniya ta Amurka sun duba fatar kan masu sanƙo. Sai suka tarar ƙwayoyin irin suna nan a wurin da ya yi fili, ba su ƙare ba. Sun dai daina haihuwa yadda ya kamata. Kun ji? Mai sanƙo bai rasa iri ba. Abin da aka rasa shi ne dabarar tayar da shi daga barci, kuma ita masana suke nema.

Suna nema da gaske, ban ce wasa suke yi ba. A 2012 wani masanin Japan mai suna Takashi Tsuji da mutanensa sun sa gashi ya tsiro a bayan ɓera maras gashi. Labari ya zaga duniya, masu sanƙo suka yi murna. Amma ɓera ba mutum ba ne. An yi fiye da shekara 10 ana gwaji. A 2024 waɗansu asibitoci a Japan suka fara yi wa mutane wani aiki: a yanki ƴar fata daga ƙeyar mutum, a yi renon ƙwayoyinsa na kansa a ɗakin gwaji, a mayar masa da allura. Kuɗinsa ya fi ƙarfin talaka, kuma abin da suke fata shi ne gashin da ya sirance ya ɗan yi kauri. Ba su ce kai mai santsi zai koma na saurayi ba. Ita kuwa hukumar da ke duba magunguna a Amurka, ba ta sa hannu a kan wani maganin sanƙo na ƙwayoyin iri ba. Abin da manyan asibitoci suke lallaɓawa, shi ne yaronmu ya zo da shi a leda?

Dattawan Kurfai sun san gidan kiwon Tukunus, arewa da Filinge, inda tun shekarun 1950 aka riƙa zaɓen shanun Azawak. Ba a cewa bijimi nagari ne don ƙahonsa ya yi kyau a hoto. Sai an ga ƴaƴansa, an auna nonon da suke bayarwa, an rubuta a littafi shekara da shekaru. Haka ake gwada magani. A ba mutane da yawa, waɗansu kuma a ba su na banza ba su sani ba, a ƙirga gashi kafin da bayan, a ga bambanci. Magunguna 2 ne aka daɗe da gwadawa ta wannan hanya don sanƙon gado. Ɗaya minoksidil, na shafawa, an yarda da shi a Amurka a 1988. Ɗaya finasterid, na haɗiya, a 1997. Ku ji abin da masu su da kansu suke faɗi: sai an yi watanni kafin a ga alama, ba kowa suke yi wa aiki ba, kuma in ka daina, gashin da ka samu zai zube. Na biyun yana rage wa waɗansu maza ƙarfi, kuma haɗari ne ga mai ciki. Maganin gaskiya yana faɗin aibinsa. Na saurayin nan ba shi da aibi ko ɗaya, yana warkar da komai. Hausawa suka ce in da ungulu tana da maganin sanƙo da ta yi wa kanta. Na tambayi ɗalibina ko mai maganin ya tuɓe hularsa. Ya ce bai lura ba.

Wani zai ce, "Mushe, ai mun ga hoto, ga shi da sanƙo, ga shi da gashi." Ni ma zan iya yi muku wannan hoto gobe. In ɗauki mutum da sumarsa, in kai shi wurin wanzami, in sake ɗaukar sa, sai in juya hotunan, na baya ya koma gaba. Salular yanzu ma ba ta bukatar wanzami.

Wani kuma zai ce, "Amma matar wane ta shafa, gashinta ya komo." Na yarda ya komo. Ku tambaya ko jego take yi. Mace takan zubar da gashi wata 2 zuwa 4 bayan haihuwa, sannan ya komo da kansa. Haka wanda ya tashi daga zazzaɓi mai tsanani. Da ta shafa man shanu, da ba ta shafa komai ba, duk zai komo. Mai kwalba ya zo daidai lokacin, ya karɓi godiyar da ba tasa ba.

Da a kan sanƙon maza kaɗai abin ya tsaya, da na ce kowa da kuɗinsa. Mu nan Imanan ma, rawani ya rufa wa da yawa asiri. Amma na ga uwa tana shafa irin wannan mai a kan yaro mai makero. Makero cuta ce mai yaɗuwa ta aska da mataji da hula, kuma tana da magani a likita, ƙwaya ce da ake sha mako 6 zuwa 8. In aka bar ta ta yi ƙurji, tabon ba ya sake fitar da gashi har abada. Yaron da gashinsa ya yi ja yana karyewa, tamowa ce, abinci yake so da awo a likita. Yarinyar da gaban kanta yake cinyewa, kitso ne ya yi tsauri, a sassauta tun gindin gashin bai mutu ba. Macen da gashinta yake zuba tana jiri, a duba ko jininta ya yi kaɗan. Mafi muni shi ne dattijon da aka ce wa garin nan yana warkar da hawan jini, ya ajiye ƙwayar da likita ya ba shi. Wannan ba gashi zai rasa ba.

Na ji kuma ana cewa a manyan birane akwai masu yin allurarsa a kai. Ku yi hattara. A 2015, a jihar Fulorida ta Amurka, an yi wa mata 3 allurar da aka kira ta ƙwayoyin iri a idanu, sun biya kuɗi masu yawa. Ganinsu ya lalace, ɗaya ta makance ƙurmus. Mu ma mun ɗanɗana. A 1995, lokacin annobar sanƙarau, an yi wa mutane fiye da 50,000 allurar rigakafi ta jabu a nan Nijar. Kwalaben da tambarinsu da rubutunsu, kamar na gaske.

Waɗanda suka fi ba ni haushi ba samarin da suka komo daga kurmi ba ne, don su ma wani ne ya cuce su, ya ce kawo mutum 2 ka samu riba. Masu ilimin da suka shiga wannan ciniki nake jin kunyarsu. Mutum ya yi lakkwal, ya iya karanta abin da ke jikin kwali, ya ɗauka ya kai wa kawunsa wanda bai iya ba. A ƙasan kwalin ɗalibina, da ƙananan baƙaƙe kamar ƙafar tururuwa, an rubuta cewa wannan abu ba a yi shi don ya warkar da wata cuta ko ya hana ta ba. Masu shi da kansu suka rubuta, don kada shari'a ta kama su a can. Sun dogara ga cewa mu nan ba za mu karanta ba.

Na fassara wa ɗalibina wannan layi sau 2. Ya yi shiru, ya juya kwalin, ya sa yatsa a kan ƙananan baƙaƙen yana bin su ɗaya ɗaya. Leda 4 kaɗai ya sha. Can ya ce, "Mushe, ba ni takarda. Ni zan rubuta masa da hannuna, ya zo ya karɓi sauran ya ba ni kuɗina. In na yi kuskure ka gyara." Mun kai bayan sallar lisha muna kan wasiƙar nan. Layi 5 ce, kuma kuskure 3 kawai na gyara.