A Bar Zulum Ya Tafi Majalisa

Ƴan uwa ɗalibai, akwai wata gardama da ta shigo mana daga ƙetaren iyaka ta cikin waya, ta samu wurin zama a fadodinmu na Tawa kamar tamu ce. Wa'adi na biyu na Farfesa Babagana Umara Zulum a kan kujerar gwamnan Barno zai ƙare a watan Mayu na 2027, kuma tsarin mulkin Najeriya bai ba shi na uku ba. To ina zai nufa? Kaɗan na cewa majalisar dattijai. Mafi yawanmu kuwa, da an ambaci majalisa sai rai ya ɓaci, a ce wanga mutum ya wuce nan, ƙasar ce gaba ɗaya ta kamata a ba shi. Har da masu ƙarawa da cewa da ma a ara mana shi ko na shekara biyu.

Ni cewa nake ya tafi majalisa. Kuma mu ƴan Tawa mun fi kowa dalilin faɗin haka, don abin da ake so a yi da Zulum an taɓa yin shi da mutumin da ya mulki garin nan.

Ban musa aikin mutumin ba. Mun ga hotunanshi yana shiga asibiti da tsakar dare yana ƙirga likitocin da ke bakin aiki. Mun ji yadda anka buɗe wa ayarinshi wuta a hanyar Baga a 2020 kuma bai fasa zuwa ba. Ya sha zuwa jihar Difa ganin ƴan gudun hijirar Barno. Duk wanda ya taɓa kwana a benci yana jiran wani ma'aikaci da ba ya zuwa, dole irin wanga hoto ya sanyaya mishi rai. Sai dai ku duba da kyau mi muke yabo a ciki. Mutum ɗaya ne ya iso ba zato, ya ga laifi da idonshi, ya ba da umurni nan take, aka bi. Jiha ɗaya tana iya ɗaukar wannan salo, don mota na kai gwamna kowane lungu cikin yini. Ƙasa mai jihohi 36 da mutum sama da miliyan 200 fa? Shugaban ƙasa asibiti nawa zai shiga da dare?

Ku tambayi iyayenmu labarin Tanja Mamadu. Kanal ne, yana cikin sojojin da sunka hau mulki da Saini Kunce a watan Afrilu na 1974. Ya riƙe Maradi, ya yi ministan cikin gida, sannan anka kawo shi Tawa daga 1981 zuwa 1988. Lokacin ba a ce gwamna, perefe ake cewa, amma kujerar ita ce. A zamaninshi ne, a 1984, aikin Kaita ya fara da kuɗin Italiya, mata na jidar duwatsu a ka suna tare ruwa a kan tudun Adar, ana biyan su da abinci. Sunan da ya yi na mai son talaka da manomi, a irin waɗanga shekaru ya yi shi. Abin dariya ma, ɗan Maine Sorowa ne, maƙwabcin Barno.

Sunan nan ya bi shi har fadar shugaban ƙasa a 1999. Da ya hau, sai ya mulki Nijar kamar babbar perefektir. Ya buɗe shiri na musamman da sunan shugaban ƙasa, da kuɗin bashin da anka yafe mana, ana gina azuzuwa da ɗakunan shan magani da ƙananan madatsun ruwa ƙauye ƙauye. Wasu na nan har yau, ba ƙarya. Amma a 2005, da yunwa ta kama Tawa da Maradi, shi wannan masoyin talaka ne ya gaya wa BBC cewa babu yunwa, mutanen Nijar a ƙoshe suke. Wanda ya saba abin da idonshi ya gani shi ne gaskiya, da wuya ya yarda da alƙaluman wani.

Sai kuma ƙarshen wa'adi ya matso. A watan Disamba na 2008 anka taru a Yamai ana roƙon shi ya zarce. Ku tuna hujjar: wai a bar shi ya gama ayyukan da ya soma, madatsar Kandaji, gada ta biyu a Yamai, matatar mai ta Damagaram. Tsarin mulkin 1999 ya ce wa'adi biyu ne, kuma ba a taɓa wanga sashe. Da ya ga majalisar dokoki ba za ta bi shi ba, ya rushe ta a watan Mayu na 2009. Kotun tsarin mulki ta ce a'a, ya rushe ta a watan Yuni. Ran 4 ga Agusta anka yi ƙuri'ar raba gardama, ya ƙara wa kanshi shekara uku. Bai ci ko wata bakwai daga cikinsu ba: ran 18 ga Fabrairu na 2010 Salu Jibo ya ɗauke shi ana tsakiyar taron ministoci. Sabon tsarin mulkin nashi har majalisar dattijai ya tanada, wadda shugaban ƙasa zai naɗa kashi ɗaya cikin uku na ƴaƴanta. Ba ta zauna ba ko sau ɗaya.

Za ku ce ai Tanja soja ne, Zulum farfesa ne, kuma zaɓen shi anka yi. Haka ne. Ban ce halinsu ɗaya ba, ban kuma ce Zulum zai rushe kotun kowa ba. Mu nake tsoro. Maganar da anka yi a Yamai a 2008 da wadda ake yi a fadodinmu yau uwa ɗaya ta haife su: ya yi aiki, a ba shi. Ku saurari kalmar nan “ba”. Ƙasa ta zama tukwici ke nan, kamar rigar da ake ba maroƙi in ya yi kirari mai daɗi. Ita kanta kalmar tazarce daga Najeriya munka aro ta, ta zamanin Abaca ce, kuma can ma da yabon aiki ta fara.

Tunda harshe nake karantawa, bari in ɗan tsaya kan kalma guda. A Hausar siyasarmu “aiki” ya ƙanƙance har ya koma abin da ake iya ɗauka hoto: kwalta, rijiya, aji, fitilar kan titi. Wanda ya karanta kasafin kuɗi layi layi ya gano an ninka kuɗin kwaltar sau uku, ba mu ce ya yi aiki, cewa muke surutu gare shi. “Majalisa” kuwa daga Larabci ta zo, daga tushen da ke nufin zama, mu kuma mun haɗa zama da zaman banza. Mu da ke kashe awa huɗu a kan butar shayi ɗaya!

To ga abin da masu zaman sunka yi. Ran 16 ga Mayu na 2006 majalisar dattijan Najeriya, Ken Nnamani na shugabanta, ta yi watsi da gyaran tsarin mulkin da zai ba Obasanjo wa'adi na uku. Magana ta mutu nan, ba a harba harsashi ko ɗaya ba. Ran 9 ga Fabrairu na 2010, Ƴar'aduwa na kwance a Saudiyya ƙasa ba direba, majalisa ce ta miƙa wa Jonathan riƙon ƙwarya. Kwana tara bayan haka mu namu rikicin da igwa anka raba shi a Yamai. Na ukun kuma ya shafe mu kai tsaye. A watan Agusta na 2023, lokacin da CEDEAO ke barazanar turo soja Nijar, majalisar dattijan Najeriya ce ta ce wa Tinubu ya bi hanyar sulhu, sanatocin Arewa na kan gaba wajen ƙin yaƙi. Da abin ya ɓaci, Kwanni da Ilela ne bakin wuta, daga Kwanni zuwa Tawa kuwa tafiyar awa biyu ce. Duk ɗan Adar da ke raina kujerar sanata ya tuna kwanakin nan.

Na san amsar da ke bakinku, kuma tana da ƙarfi. Majalisar dattijan ta zama wurin hutun tsofaffin gwamnoni. Wamakko na ciki, Tambuwal na ciki, Yari da Aliero da Goje na ciki. Wasunsu sai a shekara ba a ji muryarsu ba. Ni ma ban ce wurin tsarkaka ne ba. Amma in kujeru 109 sun cika da masu gyangyaɗi, maganin shi ne a tura musu wanda ba ya barci. Mutumin da ya san abin da sansanin ƴan gudun hijira ke ci a wata, ya san wace hanya ce soja ke rufewa da yamma, ya san inda kuɗin sake gina gari ke zurarewa, shi ya kamata ya zauna gaban ministan tsaro yana mishi tambaya, kyamara na kallo. A can zai zama ɗaya cikin 109. Zai kawo doka a kayar da ita, ya nemi goyon bayan ɗan Enugu da bai taɓa jin sunan Monguno ba, ya ji a'a daga wanda ba ya iya kora daga aiki. Gwamnan Najeriya ba ya samun wannan darasi a jiharshi, don majalisar jiha a aljihunshi take, kowa ya sani.

Akwai kuma lissafi, wanda masu ihu ba su son ji. Farin jini ba ya da fasfo. Tsarin mulkin Najeriya na son mai cin zaɓe ya samu kashi 25 cikin ɗari a kashi biyu cikin uku na jihohi. Bafarawa ya fito daga gidan gwamnatin Sakkwato ya tsaya a 2007, ko kusa bai je ba. Shekarau, da ake kira Sardaunan Kano, ya tsaya a 2011 bai kai ƙuri'a miliyan ɗaya ba, Kanon ma Buhari ya cinye ta. Tambuwal ya samu wakilai 693 a zaɓen fid da gwani na PDP a 2018, Atiku ya samu 1,532. A 2022 kuma ya janye mishi ana cikin taro. Kwankwaso da duk jar hularshi ya tashi da kusan miliyan ɗaya da rabi a 2023, kusan miliyan guda daga Kano kaɗai. Za a ce Ƴar'aduwa fa, ai daga Katsina ya wuce Abuja. To, Obasanjo ne ya ɗauko shi ya aza, kuma shi da bakinshi ya yarda zaɓen na da aibi. Tanjan ma, shekara bakwai a Tawa ba su mayar da Adar gidanshi ba. Da siyasar jam'iyyu ta zo, Tarayya ce ta yi gida a nan.

Tunda na ambaci Tarayya, bari in taɓa Isufu Mahamadu, ko da wasu za su ce na shiga gonar da ba tawa ba. Ɗan Dandaji bai taɓa zama gwamna ba. Ya yi firaminista a 1993, ya shugabanci majalisa a 1995, ya sha kaye hannun Tanja a 1999 da 2004, ya yi shekaru a bencin adawa kafin 2011. Bencin bai mai da shi waliyyi ba. A zamaninshi Hama Amadu ya yi takara daga kurkukun Filinge, a zamaninshi anka kashe ɗalibi ɗan uwanmu a Yamai a watan Afrilu na 2017, a zamaninshi bincike ya tono miliyar miliyar na sefa da sunka salwanta a sayen makamai, sannan a watan Maris na 2021 anka kashe mutum 137 a ƙauyukan Tiliya, nan arewa da mu. Da muna da majalisa mai haƙora, da tambayar kuɗin makaman nan tun da wuri anka yi ta. Abu ɗaya dai ya yi wanda na gabanshi ya kasa: wa'adi na cika ya sauka. Ban ce benci ne kaɗai dalili ba, amma wanda ya daɗe yana neman kariya wurin doka ya fi sanin ranarta.

Mi ya kai mu cikin sha'anin Barno, mu da ko katin zaɓensu ba mu da shi? Abin da ya kai mu shi ne ba mu da namu da za mu yi gardama a kai. Ba mu taɓa zaɓen gwamna ba a ƙasar nan, daga Yamai ake aiko shi, da takarda ake ɗauke shi. Majalisun jiha da na gari da munka zaɓa a Disamba 2020 an rushe su a 2024. Jam'iyyu an rushe su a watan Maris na 2025. Ko ba daɗe za a zauna rubuta wani tsarin mulki, kuma mu da ke aji yau za a ce mu kaɗa “i” ko “a'a”. In muka isa ranar nan da kanmu cike da hoton mutum ɗaya mai shiga asibiti da dare, duk takardar da ta tara iko hannun mutum ɗaya za mu sa mata hannu muna murna, kamar yadda anka yi a Agustan 2009.

Saboda haka in gardamar ta sake tashi a fadarku, ku tambayi mai cewa a ba Zulum ƙasa abu guda: in ya hau ya yi kuskure, wa zai ce mishi a'a, kuma mi zai hana shi korar wanda ya faɗa? In ya ce ai Zulum ba ya kuskure, ku tura shi wajen tsofaffin Bilbis su ba shi labarin 2005.