Wasiƙar Ikara: Abin Da Murhu Ke Faɗa

Zuwa ga Edita, ga hunturu ya kama, wuta ba ta mutuwa a gidaje dare da rana. Don haka yau a kan murhu zan yi magana, ina kuwa roƙon malamai da akawuna su karanta wa iyalinsu.

Jama'a, ba a banza a ke cewa harshen wuta ba. Tana magana, mu ne ba mu kasa kunne. In kun ji itace yana huci, kumfa na fita ta gindinsa, to ɗanye ne. Itacen da aka sara yau, kusan rabin nauyinsa ruwa ne. Ruwa kuwa in ya zama tururi, wurin da ya ke bukata ya kan ninka wajen sau 1,700. In ya rasa mafita sai ya fasa itacen, shi ne ku kan ji fas, tartsatsi ya watsu.

Ɗanyen itace ba ya cin wuta sarai. Hayaƙinsa ya kan ɗauki wani abu mai danƙo kamar kwalta, ya hau ya daskare jikin jinka ko azara. Ita ce kunkunniya. Mu kan ɗauke ta datti kurum, alhali makamashi ce a rataye bisa kanmu, tartsatsi guda ya ishe ta.

Masu gidan burodi na garinmu, da masu dafa mazarƙwaila na Makarfi da Kudan, duk wanda murhunsa ke da bututun hayaƙi, shi ma ya saurara. Ƙas-ƙas ɗin da ƙarfe ke yi sa'ad da ya ɗau zafi ko ya ke hucewa ba komi ba ne, miƙewa ya ke yi yana komawa. Amma in bututu ya soma ruri kamar guguwa, kunkunniyar ciki ce ta kama. Maza a toshe bakin murhu don a hana ta iska, a fid da mutane, a yi kururuwa.

A Ingila dā yara ƙanana a kan tura cikin bututu su kankare shi, sai dokar 1875 ta kashe wannan mugun aiki. Yau da buroshi mai dogon hannu su ke sharewa, aƙalla sau ɗaya a shekara. Mu gora da tsintsiya sun ishe mu.

Saura guda wadda ba ta magana, watau kaskon gawayi a ɗaki rufe. Iskarsa ba ƙara, ba wari, sai ciwon kai, sa'an nan barcin da ba farkawa. Kada a kwana da shi.

Saboda haka, mai gida, ka faskara itace tun da wuri ya sha rana, ka share kunkunniya, ka bar wa hayaƙi kafa. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Allah ya tsare mu, amin. Haza wasalam.

Naka, Akawu, Ikara.