Me Ya Sa Manhaja Ke Cijewa Ranar Da Kika Fi Buƙatarta?

'Yar uwa, kin lura manhajar banki ba ta tashi cijewa sai jajibirin Sallah, shafin duba sakamakon jarrabawa kuma sai ranar da sakamako ya fito? Galibi ba laifin wayarki ba ne, ba na data ba ne.

Manhajoji da yawa yanzu hayar kwamfutoci suke yi a manyan rumbunan da ake kira gajimare. Kamfanin Amazon ya fara ba da irin wannan haya a 2006. Tsarin shi ne, jama'a suka yi yawa a ƙaro kwamfutoci, suka ragu a mayar. To me ke hana ruwa gudu?

Ki tuna ranar awon ciki. Ko an ƙaro nas goma, muddin taga ɗaya ake yankar kati, layi yana nan daram. Wani injiniya a Amurka, Gene Amdahl, ya bayyana wannan a 1967. A lissafinsa, idan kashi 5 cikin 100 na aiki dole a bi shi ɗaya bayan ɗaya, ko kwamfuta dubu aka zuba saurin ba zai wuce ninki 20 ba. A banki, tagar nan ita ce kundin da ake rubuta shigar kuɗi da fitarsu, wanda ba a yarda a yi masa rubutun rububi.

Shi ma layi yana da nasa lissafin. A mafi sauƙinsa, idan na'ura na aiki da rabin ƙarfinta, lokacin da za ki ɓata ninki biyu ne na aikin kansa. Ta kai kashi 90, ya zama ninki goma. Ga shi sababbin kwamfutocin ba sa tashi nan take, jama'a kuwa a minti ɗaya suke dirarwa.

Abin da ya fi damuna shi ne yawan dannawa. Duk dannawar da kika sake, kin ƙara mutum ɗaya a layin da kike ciki. Idan kuɗin makaranta kike turawa ya tsaya, kada ki sake turawa. Ki ɗauki hoton allon, ki duba ragowar kuɗinki bayan ɗan lokaci, don sau da yawa na farkon ya wuce. Sakamakon yaro kuma, ki bari sai bayan sallar asuba ki duba.